Kwana bakwai a kan Dutsen Kilimanjaro, ni da Autanmu

Yau babu baƙo, ni ne baƙon kaina. Tun ranar da na saka hoton nan da nake tsaye a jikin allon katako, fuska a naɗe sai ido kawai, tambaya ɗaya ake ta yi mini: ina Auta? Ba tare kuka tafi ba? Ya aka yi kai kaɗai ne a hoton? Wata uku ke nan ina zillewa. To yau zan ba da amsa. Na nemi izininsa kafin in zauna gaban makirfo ɗin nan, ya ce in faɗi komai, da sharaɗin kar in rage nawa laifin. Na ce na ji.

Ga wanda bai sani ba, Kilimanjaro yana arewa maso gabashin Tanzaniya, dab da iyakar Kenya. Shi ne dutse mafi tsayi a Afirka, mita 5,895 daga saman teku. Lamba haka kawai ba ta shiga kai, bari in kwatanta muku. Wuri mafi tsayi a duk Najeriya shi ne Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419. Jos da muke ta zuzuta sanyinta wajen mita 1,200 take. Kano ko 500 ba ta cika ba. To zangon da muka kwana a daren farko ma ya fi Chappal Waddi tsayi, kuma a lokacin ba a fara komai ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, ba a hawa da igiya ko guduma irin wanda kuke gani a fim. Tafiyar ƙafa ce. Duk wanda ya ji haka sai ya ce ai da sauƙi. Haka Auta ya ce. Shekararsa 24, ɗan ƙwallo ne, kullum da asuba yana wajen motsa jiki. Ni kuwa na girme shi da shekara goma sha ɗaya, ga ɗan tumbi, hawa bene biyu sai na tsaya na yi kamar ina duba waya. A gida kowa ya gama yanke hukunci cewa ni za a sauko da ni.

Kafin tafiya mun je wajen likita. Abin da ta fara tambaya shi ne, mu AA ne ko AS? Wannan ku riƙe shi, don ya shafe mu sosai a nan. Mai sikila wuri mai tsayi irin wannan yana iya tayar masa da ciwo, kuma ko mai AS, da yawanci ba ya jin komai a rayuwarsa, ƙarancin iska a can sama yana iya taɓa masa saifa. Mu biyun AA ne. Ta rubuta mana wani magani, Diamox, da ke taimaka wa jiki ya saba da tsayi. Ni na sha, ya sa ni fitsari ba ƙaƙƙautawa, yatsuna kamar ana tsira musu allura. Auta ya jefa nasa a ƙasan jaka, wai maganin tsofaffi ne. Biza tun daga gida muka nema, ta ɗauki makonni, ga katin allurar shawara da sai da shi. Kuɗin hawan kaɗai, ban da jirgi, kowannenmu ya biya kusan dala 2,000. Shekara biyu ina tarawa, na Auta kuma rabi ni na cika masa.

Ranar tafiya Umma ta rako mu har zaure. Ba ta ce komai game da dutse ba, don har yau ba ta ga dalilin da mutum da hankalinsa zai biya kuɗi a wahalar da shi ba. Kallona kawai ta yi ta ce, "Ga amanar ƙaninka nan."

Muka bi ta Adis Ababa, muka sauka a filin jirgin Kilimanjaro, mota ta kai mu garin Moshi da ke gindin dutsen. Ƙasar Chagga ce, ayaba da kofi ta ko'ina. Washegari aka kai mu ƙofar Machame, wajen mita 1,800. Hanyoyin hawa suna da yawa, mu Machame muka zaɓa, ta kwana bakwai, kilomita 60 da ɗoriya hawa da sauka. Doka ce a can, ba ka shiga sai da jagora mai lasisi. Mu biyar ne masu hawa: ni, Auta, wasu mata da miji daga Jamus, da wata dattijuwa 'yar Kenya, tsohuwar malamar makaranta da ta haura sittin. Amma mutanen da za su kula da mu biyar ɗin nan su goma sha takwas ne. Babban jagora, mataimakansa biyu, kuku, sauran 'yan dako. A bakin ƙofa akwai sikeli, ana auna kayan kowane ɗan dako, kar ya wuce kilo 20. Tanti, tukwane, gas, kujeru, ƙwai, har da burodi, duk a kai ko a wuya.

Ina tsaye ina kallonsu sai labarin fatake da kakanmu yake ba mu ya faɗo mini, masu zuwa Gwanja sayen goro. Ayari, madugu, 'yan dako, daga wannan zango zuwa wancan. Shi ya sa za ku ji ina cewa zango. Madugun namu wani mutum ne siriri, mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Yaransa suna ce masa Mzee, wato dattijo, mu ma muka bi. Shi kuma yana ce mana "kaka". Auta ya zunguro ni, wai mutumin nan ya mayar da mu kakanninsa. Ashe a Suwahili kaka yaya ne. Harshen nan yana da daɗi wallahi, kalmomi da yawa kamar ka san su: habari labari, sabuni sabulu, Alhamisi, dunia.

Amma kalmar da ta fi kowace yawa a dutsen nan ita ce "pole pole", sannu a hankali. Ranar farko cikin kurmi muka yini, bishiyoyi sun rufe sama, gansakuka na reto, ƙasa jiƙe, birai baƙi da fari masu dogon gashi suna tsalle a samanmu. Mzee yana gaba yana wata irin tafiya kamar mai rakiyar amarya. Taku, tsayawa, taku. Ni kaina ta ba ni haushi, balle Auta. Sau uku yana wuce shi, sau uku Mzee yana ɗaga sanda ya tare hanya ba tare da ya ce uffan ba. 'Yan dako kuwa suna ta wuce mu da kaya a kai, suna gaishe mu. Auta ya ce, "Yaya, dubi waɗannan fa, mu kuma ana ja mana rai."

Da daddare a tantin cin abinci Mzee ya fito da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa a yatsa, tana nuna yawan oksijin a jini da bugun zuciya. Ya buɗe littafi. Ya ce safe da dare zai auna kowa, kuma zai yi tambaya huɗu: kai yana ciwo? Zuciya na tashi? Ka ci abinci? Ka yi barci? Sannan ya yi mana bayani. Oksijin ba ƙarewa yake yi a sama ba, kasonsa a iska yana nan wajen 21 cikin 100. Iskar ce take yin shara-shara. A ƙololuwa, duk numfashin da ka ja kusan rabin abin da kake samu a bakin teku yake ba ka. Jiki yana iya sabawa, amma kwanaki yake buƙata, kuma ƙarfi ba ya sayen kwanakin nan. Ciwon kai da rashin cin abinci su ne matakin farko, mutane da yawa suna yi, in an sani ana lallaɓa shi. In aka yi biris aka ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma waɗannan biyun suna kisa cikin sa'o'i. Maganinsu na gaskiya sauka ne. Ya rufe littafin ya ce, "Na'ura lamba kawai take ba ni. Sauran sai kun faɗa mini."

To a nan matsalarmu take, mu Hausawa. Ku tuna yadda muke gaisuwa. Ina kwana? Lafiya lau. Ya gajiya? Ba gajiya. Ya jiki? Da sauƙi. Ka je asibiti duba mutum, ga ƙarin ruwa a hannu, numfashi da ƙyar, ka ce ya jiki, zai ce maka da sauƙi. Tun muna yara aka koya mana cewa raki abin kunya ne, namiji ba ya cewa wayyo. Ni ban ce wannan tarbiyya ba ta da kyau ba, tana da wurinta. Amma Bajamushen nan, in aka tambaye shi, sai ya ce kansa na ciwo uku bisa goma, ta gefen hagu, tun ƙarfe biyu. Muna ta danne dariya. Mu kuwa kafin a gama tambaya mun ce lafiya lau.

Kwana na biyu ba wani labari. Mun fita daga kurmi, bishiyoyi suka gajarce, muka kwana a Shira, wajen mita 3,800, gajimare na ƙasanmu, Dutsen Meru ya leƙo daga cikinsu can nesa. A nan sanyi ya fara nuna mana hali. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da digiri shida zuwa bakwai. Da asuba tantin ya yi fari fat da raɓa daskararriya. Alwala ta zama jarrabawa. Wani ɗan dako Musulmi, yaro ne kamar sa'an Auta, ya lura da mu, daga ranar kullum sai ya kawo mana ruwan ɗumi a roba kafin asuba ba tare da mun roƙa ba. Ku riƙe yaron nan, zai dawo a labarin.

Kwana na uku shi ne gwaji. Ana hawa har wani tsauni na baƙin dutse da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana a can, sannan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000. Da gangan ake yin haka, a ɗanɗana wa jiki tsayi da rana, a kwantar da shi a ƙasa. Wajen babu ciyawa, babu inuwa, duwatsu ne baƙaƙe da iska, sai hankaki masu farin wuya da ke jiran ka ajiye burodi. A nan kaina ya fara sarawa kamar ana buga ganga a ƙeya. Da dare Mzee ya tambaya, na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai kawai na ji na ce yana ciwo. Ya rubuta, ya ce in ƙara shan ruwa, ya ba ni maganin ciwon kai, da safe ya sake ni. Auta ya ce shi garau yake. Na lura bai cinye abincinsa ba, amma na ce ƙila miyar ce ba ta yi masa ba.

Kwarin Barranco kuwa, ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Akwai wasu tsirrai dogaye, sun fi mutum tsayi nesa, jikinsu lulluɓe da busassun ganyensu kamar sun yafa bargo, a kansu kuma wani curi kamar kabeji. Cikin hazo sai ka rantse mutane ne a tsaitsaye. Da safe muka hau bangon Barranco, dutse a miƙe sama da mita 250, inda ake ajiye sanda a kama da hannu. Akwai wata kwana da sai ka rungumi dutsen ka manna ƙirji kafin ka wuce. Ina manne ina karanto duk addu'ar da na sani, sai ga ɗan dako ya zo da buhu a kai, hannu ɗaya a aljihu, yana jira in matsa.

A zangon Karanga abin ya faru. Wajen ƙarfe ɗayan dare na farka na ga Auta ba ya cikin tanti. Na leƙa, yana durƙushe bayan wani dutse yana amai. Da ya dawo ya shiga jakar barcinsa, ya ce tun Lava Tower kansa bai daina ciwo ba, yana ta shan farasitamol a ɓoye. Na ce da safe sai mu gaya wa Mzee. Ya riƙo hannuna ya ce, "Yaya, don Allah don Annabi kar ka faɗa. Saukar da ni za su yi. Kwana ɗaya ya rage. Ka san kuɗin da muka kashe. Na gaya wa kowa, me zan ce musu?"

Na yi shiru. Kuma wannan shirun shi ne laifin da ya ce kar in rage. Na gaya wa kaina ai ni ma nawa ya yi ciwo ya bari. Na gaya wa kaina ai yaro ne mai ƙarfi. Gaskiyar magana ita ce ban so in zama yayan da ya tona wa ƙaninsa asiri a gaban baƙi ba, kuma wani ɓangare na zuciyata yana lissafin dala. Hausa ta zame mana mafaka, muna maganarmu a gaban Mzee ba ya jin ko kalma ɗaya. Da safe aka tambayi Auta, ya ce lafiya lau, har da murmushi.

Daga Karanga zuwa Barafu tafiyar ba ta da nisa, awa huɗu. Barafu a Suwahili ƙanƙara ke nan. Zango ne a kan tsandauri, mita 4,673, babu ɗigon ruwa. Duk ruwan da za a sha a can daga kwarin Karanga 'yan dako suke ɗauko shi a jarka, su hau da shi. Da yamma aka kawo taliya. Auta ya juya cokali sau biyu, da Mzee ya fita sai ya juye mini nasa a faranti, ni kuma na cinye. Kafin awo ya cusa hannu a hammata ya ɗumama yatsa, ya ja dogon numfashi sau da yawa, lambar ta ɗan ɗaga, ta shiga tamanin da wani abu. Mzee ya dubi na'ura, ya dubi fuskarsa, ya daɗe. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Kaka, ɗan'uwanka lafiya yake?" Ni ya tambaya, ba shi ba. Na ce lafiya lau.

Ƙarfe goma sha ɗayan dare aka tashe mu. Shayi, biskit, riga biyar, wando uku, safar hannu biyu, fitila a goshi. Sha biyu muka kama hanya. Ka ɗaga kai sai ka ga layin fitilu yana lanƙwasa yana hawa har ka kasa bambance su da taurari. Ba mai magana. Ruwan gorata ya fara daskarewa. Tsakuwa ce mai santsi, ka taka gaba ta ɗan dawo da kai. Numfashi uku, taku ɗaya. Dattijuwar nan 'yar Kenya tana bayan Mzee, tafiyarta ba ta canza ba tun ranar farko.

Wajen ƙarfe uku, mun haura mita 5,200, na ga fitilar Auta tana yawo hagu da dama. Ya yi tuntuɓe, ya tashi, ya sake yi. Na ce, "Auta, yaya dai?" Ya ce mini in miƙo masa makullin babur, zai je ya dawo. Jama'a, a tsakiyar dutse, cikin dare. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na ƙwala wa Mzee kira. Ya zo ya haska masa ido, ya ja layi a ƙasa da sanda, ya ce ya taka a kai, dunduniya na taɓa yatsa. Taku biyu ya yi ya tafi zai faɗi, aka tare shi. Mzee ya juyo ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun Lava Tower. Na faɗi aman, na faɗi maganin, na faɗi taliyar. Bai yi mini faɗa ba, ko kallona bai sake yi ba. Ya yi magana da Suwahili da sauri, aka fito da tukunyar oksijin aka saka wa Auta. Mataimakinsa ɗaya ya kama hannun dama, yaron nan mai kawo mana ruwan alwala, wanda aka ɗauko daren don ya riƙe jakar gaggawa, ya kama na hagu.

Na ce zan bi su. Mzee ya ce, "Gudu za su yi da shi. In ka bi su, ko su jira ka, ko ka karye a duhu in sami marasa lafiya biyu. A nan ba ka da abin da za ka yi masa. Jiya kake da shi." Kafin in ce wani abu fitilu uku sun fara gangarawa, cikin minti kaɗan sun zama ɗigo.

Na ci gaba da hawa. Mutane suna tambayata ya aka yi na iya, ƙanina a wannan hali. Dalilin Mzee gaskiya ne, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai wani lungu a raina da ya ji daɗin samun dalilin. Har yau in na tuna ba na jin daɗin kaina.

Mun isa bakin ramin dutsen, inda ake kira Stella Point, mita 5,756, daidai lokacin da gabas ta fara ja a bayan tsaunin Mawenzi. Daga nan kusan awa ɗaya ne zuwa ƙololuwa. A hagunmu ga bangon ƙanƙara a tsaye, fari da shuɗi-shuɗi, tsayin gidan bene. Ƙanƙara a Afirka, kusa da tsakiyar duniya. A 1848 da wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ya hango ta, masana a Turai ƙaryata shi suka yi. Yanzu kuma tafiya take yi, fiye da kashi 80 cikin 100 na wadda aka auna a 1912 ta narke. Hans Meyer da Ludwig Purtscheller ne aka rubuta sun fara kai wa ƙololuwar a 1889, Meyer ya raɗa mata sunan sarkin Jamus. Bayan Tanganyika ta sami mulkin kai a 1961 aka mayar da ita Uhuru, wato 'yanci. Duk wannan na karanta tun a gida, na ɗauka in na isa zan ji wani abu babba. Da na isa, rediyon hannun Mzee kawai nake kallo. Dattijuwar ta rungume allo tana kuka. Aka ce in tsaya a ɗauke ni, na tsaya. Hoton da kuka gani ke nan. Ko minti goma ban yi ba.

Muna gangarowa rediyon ya yi ƙara. Mzee ya saurara, ya ce, "Ya san sunansa, ya san inda yake. Sun wuce Barafu da shi." Sai a lokacin ƙafafuna suka saki, na zauna a kan tsakuwa.

Ba su tsaya da shi a Barafu ba, don can ma tsayi ne. A wani gadon ƙarfe mai taya ɗaya suka ɗora shi, mutum shida suna riƙe da shi a kan duwatsu, har ƙasa. Mutanen nan ba su yi barci ba, kuma bayan sun ajiye shi wasunsu suka sake hawowa Barafu don su naɗe tantunanmu. Ni sai da la'asar na isa zangon Mweka, mita 3,100, bayan awa goma sha biyar a ƙafa. Na tarar da Auta zaune a bakin tanti da kofin shayi, idanu sun faɗa. Bai tuna maganar babur ba sam. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Ka kai?" Na ce na kai. Ya gyaɗa kai ya kalli gefe.

Da daddare Mzee ya kira mu mu biyu. Ya ce da a Karanga muka faɗa, abin da zai yi shi ne ya tsayar da Auta a can ya ƙara kwana, ya fara ba shi magani, ya ga yadda jiki zai yi. Ya ce sau da yawa kwana ɗayan nan ya isa, mutum ya warware ya hau. In bai warware ba, ya sauka da ƙafarsa da rana tsaka. Wato abin da Auta yake tsoro, a ce an saukar da shi, ɓoyewar ce ta jawo shi. Sannan ya ce, "Na yi zargi a Barafu. Na tambayi babba don na san ƙarami zai ji kunya. Ni ma da laifina, da na bi idona." Wannan ta fi zagi zafi.

Sai a lokacin na lura da ƙafar yaron nan mai ruwan alwala. Takalmin kambas ne a ƙafarsa, gefe ya yage, da shi ya hau har mita 5,200 ya sauko da mutum a kafaɗa. In za ku je, ku bincika yadda kamfanin yake biyan 'yan dako da irin kayan sanyin da yake ba su. Akwai wata ƙungiya a Moshi, KPAP, da ke sa ido kan haka, kuma tana da jerin kamfanonin da suka yarda a duba su. In kun ga farashi ya yi araha da yawa, to kuɗin shiga gandun ba ya raguwa, daga jikin masu ɗaukar kaya ake cirewa. Kuɗin sallama da ake ba su a ƙarshe kuma ku sa shi a lissafi tun daga gida, ku ba kowa a hannunsa ko a faɗi adadin a gaban kowa.

Washegari muka gangara ta cikin kurmi zuwa ƙofar Mweka. Aka rubuta sunana a littafi, aka ba ni takardar shaida. Auta ya zauna a kan benci ya kwance takalmansa na hawa, waɗanda ya yi wata huɗu yana tara kuɗinsu, ya haɗa da rigar sanyinsa ya miƙa wa yaron. Da silifas ya shiga mota. A Moshi likita ya duba shi, ya ce ya huta kwana biyu kafin ya hau jirgi.

Da muka iso gida Umma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Kun dawo lafiya?" Auta ya yi caraf ya ce, "Lafiya lau, Umma." Na bari ya shige ɗaki da jakarsa, na jawo tabarma na zauna kusa da ita, na ce, "Umma, akwai magana." Kwana uku ba ta amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai.

Auta ya ce zai koma, ta hanyar Lemosho mai kwana takwas, kuma wai ba da ni ba. Ya fara tara kuɗi. Masu tambayar lissafin kuɗi dalla-dalla da kayan da ake iya haya a Moshi maimakon a saya, wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan zo da takardun gaba ɗaya.